Ruwan Inji a Hannun Baba Gado

Ku samarin da ke zama a bencin ƙofar garejina kuna jiran a ɗaure muku birkin babur, ina jin abin da kuke faɗa in kun ga na duƙa cikin tsohuwar mota. Kuna cewa aikin Malam Umaru ai roba ce da ruwa, a kwance kilif a ɗaure kilif. Wani cikinku har ya ce in aka ba shi sukundireba da filaya, kafin la'asar ya ƙware. Ban ji haushi ba. Amma tunda kun taɓo maganar, bari in gaya muku inda na samo aikin nan da wanda ya koya mini, sai ku auna da kanku.

Sunansa Gado, amma kowa Baba Gado yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Cikin Dandawa ya fito, daga wani ƙauye a tsallaken iyaka, ƙasar Benin, wajen da tsofaffinmu ke ce wa Faransa. A can kudu bakin teku ya koyi kanikanci, ya biyo wata babbar mota zuwa Bagudo, motar ta koma, shi ya zauna. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, Hausarsa kuwa irin tamu ce ta Kabi, sai ɗan karyewar harshe in ransa ya ɓaci. Yana gyaran komai a mota, amma abin da ya sa direbobi ke tsallake gareji uku su zo wurinsa shi ne ruwa. Motar da ke tafasa, in ta gagari kowa, wurin Baba Gado ake kawo ta.

Mahaifina manomi ne a Kurgu. Shi ya kawo ni da ƙullin goro, ya ce da Baba, "Ga shi nan, naka na. Ƙashi nawa, nama naka." Na zaci za a miƙo mini sifana. Bokiti aka miƙo mini. Na daɗe ba ni da aikin da ya wuce tarar ruwan sama daga indararon kwano ina cika durom, da tace shi da tsumma, da rufe shi. Wata rana ruwan durom ya yi ƙasa, na ɗebo na wata rijiya da ke kusa da mu. Baba ya karɓi bokitin. Ya zuba kaɗan a gwangwani ya ɗora a wuta har ya ƙafe, ya nuna mini farin ɓawon da ya rage a gindin gwangwanin, ya ce, "Ka gani? Wanga shi ka toshe lagireto. Mai mota ba shi ganinai sai ranar da yat tsaya cikin daji."

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai sukundireba mai ƙotar ice da ya sassaƙa da kansa, da sifanu 'yan kaɗan da suka sha hannu har suka yi santsi, da filaya, da 'yar fitilar narka darma don liƙe lagireto. Akwai famfon keke da guntun tub, da su yake hura iska cikin lagireto a kwatarniyar ruwa ya ga inda kumfa ke fitowa. Sai wata 'yar tukunya, da zare, da babban gwangwanin madara da ba ya yarda kowa ya taɓa. Abin da ke cikin gwangwanin nan za mu zo gare shi.

Sai kun san yadda ruwa ke yawo a mota kafin ku gane sauran. Inji yana ƙona mai, ƙarfensa yana ɗaukar zafi. Famfon ruwa yana zuƙo ruwa daga gindin lagireto ta tiyon ƙasa, ya tura shi cikin inji. Ruwan ya kwashi zafi, ya fito ta tiyon sama ya koma lagireto, iska da fanka su huce shi. A bakin tiyon sama akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce ƙwan kaza girma ba. Shi ne tamosta, Baba kuwa kalosta yake ce masa, da bakin mutanen ƙetare. In inji yana da sanyi, a rufe yake, ruwa ba ya zuwa lagireto, inji ya yi saurin ɗumi. In zafi ya kai inda ake so, sai ya buɗe da kansa.

Motocin da muka tashi da su a wannan hanya su ne tsofaffin motocin Faransa, fo-o-fo da ƙanenta, yawanci a-kori-kura masu ɗaukar buhuna da mutane a sama. Iri biyu ne. Akwai waɗanda aka haɗa don ƙasar zafi, ba su da hita, wato akwatin nan da ke hura wa fasinja ɗumi a ƙasar sanyi. Akwai kuma waɗanda suka sha aiki a Turai aka sauke su a Kwatano, aka shigo da su ta iyaka da hitarsu a ciki, ta riga ta ruɓe.

Aikin farko da na tsaya a kansa daga fari har ƙarshe, a kan irin ta biyun ne. Motar wani Alhaji ce mai fataucin shanu. Direbansa ya shigo gareji yana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu, saman ƙafarsa ya tashi fal. Hita ce ta fashe yana cikin tafiya, ta kwararo masa tafasasshen ruwa. Baba ya aika aka kai shi wurin mai magani, mu kuma muka kwance hitar muka jefar. Sai aka bar mu da baki biyu a buɗe: ɗaya a bayan kan inji, inda ruwa ke fita zuwa hita, ɗaya a jikin famfo, inda yake dawowa. Na samo guntun ice na fara fiƙewa.

"Umaru, mi kaka yi?" in ji Baba.

"Toshe su za ni yi, Baba. Haka nig ga ana yi."

"To in ka toshe baki biyu, kalosta kuma tana ruhe da sahe, ruwan ina za shi bi?"

Na ajiye icen. Ya ce a irin wannan inji, muddin tamosta bai buɗe ba, ta hanyar hita kaɗai ruwa ke zagayawa. In ka toshe ta, ruwa ya tsaya cak. Bayan inji ya yi ta dahuwa, tamosta kuwa yana can gaba cikin ruwa mai sanyi bai san abin da ake ciki ba. Kafin labari ya kai gare shi, gasket, wato shimfiɗar da ke liƙe kan inji, ya sha wuya. Na ce to mu haɗa bakunan biyu da tiyo ɗaya. Ya ce na matso, amma ban iso ba.

"Ruwa raggo na," ya ce. "Gajerar hanya shika so. In ka ba shi babbar ƙohwa nan, ba shi zuwa lagireto. Da zahinai za shi koma cikin inji."

Ya yanko tiyo daidai tsawon, ya tona cikin tarkace ya ɗauko wani noti mai rami kamar ƙwayar wake, ya tura shi tsakiyar tiyon, ya ɗaure kilif a kansa don kada ya yi yawo. Ruwa zai wuce, amma kaɗan. Sa'an nan ya huda ɗan ƙaramin rami a gefen tamosta, ya sa shi ramin yana sama, don iska ta samu wurin fita in ana cika ruwa. Da muka tayar da mota, ya kama hannuna ya ɗora a ƙaramin tiyon nan, na ji yana ɗumi a hankali. Ya mayar da hannun kan tiyon sama, sanyi ƙalau. Muka tsaya a haka. Can sai na ji zafi ya taho cikin robar lokaci guda kamar an buɗe madatsa. Ya ce, "Ta buɗe. Riƙe wanga a hannunka. Agogon zahi na iya yi maka ƙarya, waya ɗai ta."

Abokan cinikinmu direbobi ne, kuma duk direban da ya taɓa kwana a hanya saboda tafasa, tamosta ne abokin gabarsa. Ba laifinsu ba ne. In ya tsufa yakan maƙale a rufe, mota ta tafasa nan take, kuma wanda abin ya taɓa samu ba ya mantawa. Suna zuwa suna cewa, "Baba, hidda min abin ga. Don ƙasar Turawa anka yi shi, mu nan wuta muka ciki." Baba yakan ce in ya lalace a sake wani, ba a barin ƙofa babu ƙyaure don ƙyaure ya taɓa maƙalewa. Yakan ce injin da ba ya ɗumi da wuri yana shan mai, yana cin kansa, baƙin mai ya yi kauri kamar kunu. Wasu su yarda, wasu su tafi wani garejin a cire musu. Bai taɓa zagin bakaniken da ya cire ba. Sai dai in yana wucewa ya ga tamosta a yashe cikin ƙasa, ya duƙa ya ɗauka, ya goge a rigarsa, ya kawo ya jefa a gwangwanin madarar nan. Abin da ke ciki ke nan.

Mun ga abubuwa a cikin lagireto. Mun ga ɗanyen ƙwai da aka fasa don ya liƙe yoyo, mun ga garin taba, mun ga sabulu, mun ga barkono. Wani ya zo da tiyon da ya naɗe da tsumman zanen matarsa da robar tub, tun daga wajen Tsamiya ya taho a haka. Baba ya kwance naɗin a hankali, ya daɗe yana dubawa, ya ce wanda ya ɗaure wannan yana da hannu, da zai zauna da an koya masa aiki.

Cikin masu kawo mana mota babu kamar Hajiya Kulu. Tana sayen shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, wurin manoman fadamar Kaoje, mata su turara mata, ta kai kasuwanni. Tana da a-kori-kura fo-o-fo fara, irin wadda aka cire wa hita, da direbanta Ɗan'ige, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya san kowane rami a hanyar nan. Hajiya ba ta barin gyara ga direba kaɗai. Takan zo da kanta ta zauna a kujera, ta tambayi abin da aka cire da abin da aka sa, kuma ba ta mantawa.

Sai shekarar da kogin Kwara ya ci fadama. A lokacin na riga na zama magidanci, ni ke riƙe da sifana, don yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Yana gane mutum da murya, yana zama a benci yana sauraron inji. Ruwan bai zo daga samanmu ba, daga can saman kogi ya gangaro, kuma ya zo daidai lokacin da shinkafa ta sunkuyar da kai. Manoma suka shiga kwalekwale suna yankan kan shinkafa daga cikin ruwa, suna tarawa a wani ɗan tudu kusa da wata tunga, ɗan ƙauyen bakin ruwa, a ƙasar Kaoje. Tudun ba shi da tsawo, ruwa kuwa kullum ƙara hawa yake. Hanyar da ta shiga tungar jar ƙasa ce, ta jiƙe ta zama taɓo. Manyan motoci suka ƙi shiga. Babur ba ya ɗaukar abin kirki a irin wannan santsi. Hajiya Kulu ta ce motarta za ta kwashe wa kowa, wanda take ciniki da shi da wanda ba ta taɓa gani ba, a kai filin makarantar da ke kan tudu bakin babbar hanya.

Da hantsi motar ta shigo garejinmu tana huci, Hajiya a gaba, laka har gilashi. Ɗan'ige ya fito ya ce tun jiya take tafasa. In ya shiga taɓo ya sa giya ɗaya ya taka, allurar agogon zafi ta haye ja. In ya tsaya ya bar ta tana aiki a hankali, sai ta sauko. Ƙaramin tiyon baya ya tsage a hanya, wani bakanike a bakin titi ya sa masa guntun tiyon injin ban-ruwa, ya kuma cire tamosta ya jefar, amma ba ta daina ba. Sawu kaɗan suka yi, rabin lokacin a tsaye suna jiran ta huce.

Baba ya ce, "Mutumin ga ya yi abin da za shi iya da abin da ag garai. Umaru, duba ta."

Na bari ta huce. Na wanke lakar da ta toshe idanun lagireto, na zuba ruwan daga baya don ta fita ta inda ta shiga. Na ja bel ɗin fanka. Na duba baƙin mai, babu ruwa a ciki, gasket bai tafi ba. Na cika ruwa muka tayar, ta daɗe tana aiki allura ba ta motsa ba. Hajiya ta miƙe tana gyara mayafi.

Baba ya ce, "Tsaya, Hajiya. Nan tsaye ba ta ciwo. Cikin taɓo taka ciwo." Ya taso yana laluben gefen mota, ya ce in kai hannunsa ga tiyon ƙasa. Na durƙusar da shi, na bi da hannun ta ƙarƙashi, nesa da fanka. Ya ce da Ɗan'ige, "Taka. Ƙara. Riƙe nan." Inji ya ɗauki kuka. Ina kallo tiyon nan ya lotse a cikin tafinsa, gefe ya manne da gefe kamar hanjin da aka matse. Da Ɗan'ige ya ɗaga ƙafa, ya koma ya cika kamar ba shi ba.

Robar ce ta tsufa ta yi laushi. In inji ya yi gudu, famfo ya zuƙa da ƙarfi, sai ta shaƙe kanta, ruwa ya daina zuwa daga lagireto. Daidai lokacin da mota ta fi bukatar ruwa, lokacin take rasa shi. Magani shi ne sabon tiyo, amma a wannan zamanin irin wannan lanƙwasar sai a ƙetare ake samunta, hanyar ƙetare kuwa ruwa ya yanke ta. Na zazzage duk tsofaffin da muke da su, babu wanda ya fi na jikinta.

Hajiya ta ce, "Baba, ruwa ba shi jiran kowa. Akwai tsohhi da yara can bisa tudun ga."

"Na sani, Hajiya. In na sake ta yanzu, tsakiyar taɓo za ta mutu, ta tare hanya, ko jaki ba shi wucewa. Ki ba ni zuwa azahar."

Ta koma ta zauna. Ya sa na kawo wayar tagulla da muke walda da ita, ya aika aka aro masa fartanya a gidan maƙwabci. Ya zauna ya maƙale ƙotar tsakanin gwiwoyinsa, ya shiga naɗa wayar a jikinta, zagaye bayan zagaye, babban yatsansa yana auna tazarar. Bai duba ba ko sau ɗaya, fuskarsa tana sama. Da ya gama ya zare, ya lanƙwasa bakin wayar biyu ciki don kada su huda roba, ya shafa sabulu, ya murɗa ta cikin tiyon har ta bi lanƙwasar. Ya ba ni ya ce in matse da iyakar ƙarfina. Na matse, bai lotsa ba.

Na cire guntun tiyon ban-ruwan nan mai faɗi, na sa ƙarami da noti a cikinsa yadda aka koya mini. Sai Baba ya ce a kawo gwangwanin madara. Ɗan'ige ya dafe kai.

"Baba, don girman Allah kak ka mai da abin ga. Zahi muka gudu, kai kuma za ka sa muna ƙyaure."

"An hidda shi jiya. Ta bar tahwasa?"

"Ba ta bari ba."

"To ba shi na ɓarawon ba. Kuma kai da ka shiga ruwa mai sanyi har cikin mota ka hito ka shiga taɓo, sanyi da zahi, sanyi da zahi, ƙarhe ba shi son haka. Zo ka gani da idonka, ni nawa sun gaji."

Aka ɗora 'yar tukunyar a wuta. Baba ya ɗaura wa tamosta ɗaya zare, ya ba Ɗan'ige ya riƙe shi a rataye cikin ruwan, kada ya taɓa gindin tukunya. Ruwa ya yi ɗumi, ya fara waƙa, ya tafasa, abin nan bai motsa ba. Ɗan'ige ya ce, "Ka gani ko?" Baba ya ce a jefa wannan bayan katanga, matacce ne. Aka sake ruwa aka rataya na biyu. Ruwan yana fara 'yan ƙananan ƙwayoyi a gindi, tun bai kai ga tafasa ba, sai Ɗan'ige ya ce, "La! Ga shi yana buɗa baki!" Aka fitar da shi iska ta buge shi, ya rufe a gabanmu. Ɗan'ige ya ce a maimaita, aka maimaita. Bai ƙara gardama ba, shi da kansa ya riƙe mini tiyon sama na zura shi, da ɗan raminsa yana sama.

Ana kiran azahar muka rufe bonet. Baba ya ce in bi su, in ɗauki jarkokin ruwan durom da tsintsiya, kada a zuba mata ruwan gulbi ko ɗigo, kuma duk sawu in wanke idanun lagireto.

Ban taɓa ganin aiki irin na mutanen tungar nan ba. Maza cikin ruwa har ƙirji suna tura kwalekwale, masunta sun ajiye taru sun ba da jiragensu, mata suna ɗaukar jiƙaƙƙiyar shinkafa a ka daga bakin ruwa zuwa mota, ruwan yana zuba a wuyansu. Buhun jiƙaƙƙiyar shinkafa ya kusa biyun busasshe nauyi. Ɗan'ige ya sa giya ɗaya ya shiga taɓon, mota tana kuka tana wutsil-wutsil da gindi, samari suna turawa, laka tana feshin fuskokinsu. Idona yana kan allura. Ta hau zuwa tsakiya ta tsaya. Muka fita taɓon farko, muka shiga na biyu wanda ya fi tsawo, tana nan inda take. Ɗan'ige ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Tsohon ga!" Ya ci gaba da tuƙi.

Haka muka yi ta kai da kawowa kwanakin da suka biyo, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ba a kwashe duka ba, ruwa ya ci rabonsa. Ranar ƙarshe ba shinkafa muka ɗauka ba, mutane ne: tsofaffi, da masu goyo, da tukwane, da kaji a kwando, da wata tsohuwa da ta ƙi hawa sai an ɗora mata turminta. Muna fitowa babbar hanya na waiga, ruwa ya riga ya haɗe a kan sawun tayarmu. Shinkafar da aka shanya a filin makarantar nan, ita mutanen suka ci har rani, daga cikinta kuma suka fitar da iri.

Mu a gareji, wahalar bayan ruwan ta zo. Babu amfanin gona, babu lodi. Motoci suka zauna a ƙofar gidaje tayoyi suna sacewa. Masu su da yawa suka sayar wa 'yan gwangwan aka yanka su da wuta, suka sayi babura. Sai mu wuni ba a buɗe bonet ko ɗaya ba. Injinan ban-ruwa na masu noman rani suka riƙe mu, da facin tukunya da walda ƙafar kujera. Abokan aikina biyu suka bar sana'ar, ɗaya ya koma acaɓa, ɗaya ya tafi kudu. Baba kuwa kullum yana kan bencinsa tun safe, in babur ya wuce ya ce wannan sarƙarsa ta yi sako-sako, ko da ba wanda ya tambaye shi.

Bayan kakar da ta biyo, idon ya rufe gaba ɗaya. Ya ce zai koma gida wurin ƙanensa. Ya bar mini gareji da kayan aiki duka. Hajiya Kulu ta ce ba zai hau motar haya ba, ta ba da motarta da Ɗan'ige. Zuwa lokacin an samo mata sabon tiyon ƙasa daga ƙetare, amma ta sa an mayar da wayar Baba cikinsa. Muka ɗora masa katifa da akwati da buhun shinkafar da mutanen tungar nan suka aiko. Ya zauna a gaba tsakanina da Ɗan'ige, sandarsa a tsakanin ƙafafu.

Muka haye gada, muka wuce Kaoje, muka wuce Tsamiya, muka tsallaka iyaka. Hanya ta koma 'yar siririya tsakanin gonakin auduga. Ƙauyensu ya rage kaɗan, har Ɗan'ige yana cewa ga rimin garin can, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya."

Ɗan'ige ya duba allura ya ce, "Lahiya lau take, Baba. Tana tsakiya."

"Na ji ƙamshin ruwa. Tsaya."

Muka tsaya. Na buɗe bonet, ban ga komai ba, babu tururi, babu jiƙa a ƙasa. Na bi tiyon sama da yatsa har ƙarƙashin kilif, sai na ji danshi. Ɗigo ne ɗaya-ɗaya, yana faɗawa kan ƙarfe mai zafi yana ƙonewa kafin ya kai ƙasa. Na gaya masa. Daga cikin mota ya ce, "Ɗaure kaɗan. Kak ka matsa da yawa, ka yanke robar." Na ɗaure, na goge, muka jira, bai sake fitowa ba.

Da na dawo na zauna, Ɗan'ige yana dariya ya ce, "Haba Baba, ga gida nan muna gani. Ai da ta kai mu."

Baba ya ce, "Ni kam na iso. Ku ad da komawa."

Muka sauke shi a ƙofar gidan ƙanensa, muka ci tuwo, muka yi sallama muka juyo. Bai sake tsallako iyaka ba, a can ya rasu aka binne shi da damina. Mu kuwa mun shigo Bagudo kafin magariba, da mota ta huce na buɗe murfin lagireto, ruwa yana nan cif a bakin wuya.